Rafakat Direba da Lasifikar Dhok Kariman

Ku matso, ku gyara zama. Mai riƙe da kofin shayi ya kurɓa ya ajiye, don akwai inda za mu kai a labarin nan da ba na so wani ya ƙware. Yau Rafakat direba za mu taɓa, mutumin nan na garin Chakwal. In kun taɓa tsayawa a tashar 'yan tasi ta bakin asibiti, to kun gan shi ko ba ku san sunansa ba: siriri, gashin bakinsa ya fi ƙarfin fuskarsa, kullum da tsumma a kafaɗa yana goge motar da goge-goge ya daina yi wa amfani tun tuni.

Ubansa da keken doki ya ci abinci, yana jigilar mutane tsakanin kasuwa da ƙauyuka. Da ya rasu ya bar wa Rafakat doki guda da ya riga ya gaji da duniya, da bulala, da son a gan shi a gaba. Dokin bai daɗe ba ya bi mai shi. Rafakat ya yi kwandasta, ya yi wankin mota, ya tuƙa ta wani, har Allah ya sa ya mallaki tasa, wata 'yar ƙaramar mota wadda takardunta suka ce fara ce. Ta bi hannun mutane da yawa kafin ta zo nasa, kuma kowane sai da ya cire abin da yake so kafin ya sayar. Ƙofar baya ta hagu sai an fito an buɗe wa mutum ta waje, abin da Rafakat ke kira girmama fasinja. But ɗinta kuwa tulun gas ya cinye shi kaf, kamar na kowace tasi a garin, ko jakar makaranta ba ta shiga. Sai rediyo mai cin kaset, da sifika guda a ƙofar direba, wadda in aka kunna sai ka rantse ƙudan zuma ne ya faɗa gwangwani.

Matarsa Shagufta 'yar gidan da ya fi nasu rufin asiri ce. Yayanta Gulzar ya yi shekaru a Dubai. Ba wanda ya san takamaiman aikin da yake yi a can, amma ya dawo da agogo mai nauyi da tumbi mai nauyi, kuma tun daga nan maganarsa ce magana a dangi. Shi ke tsara barat, wato ayarin motocin da ke raka ango ƙauyen amarya. To a wajenmu ba a tambayar mutum matsayinsa a dangi. A bari sai ranar barat, a duba inda motarsa ta tsaya a layi. Gaba makaɗa ne a bayan a-kori-kura, sai motar ango da furanninta, sai manya, sai masu kuɗi, sai masu kama da masu kuɗi. Can ƙarshe, cikin hayaƙin kowa, Rafakat ne, da tsofaffin matan da mota ke sa su amai, da tukwanen da aka manta. Biki bayan biki haka. Kafin ya iso an gama watsa furanni, an gama ɗaukar hoto, har an fara wanke hannu. A duk hotunan bikin dangin nan, in ka ga Rafakat to gwiwar hannunsa ce a gefe, yana sauke kaya.

Abin yana cin sa ƙwarai, amma ba ya faɗa wa kowa sai motar, in yana goge ta.

Sai aka sa ranar Tanwir, autan su Shagufta, da wata malamar makaranta 'yar ƙauyen Dhok Kariman. Ana zaune a tsakar gidan Gulzar ana shan shayi ana shirya hidima, Gulzar ya dinga mita a kan makaɗa. Ya ce kuɗinsu ya yi yawa, cinsu ya fi kiɗansu, kuma in suka toge a ƙofar gida ba sa motsawa sai an yi musu liƙi. Rafakat, wanda aka ba kujerar da ƙafarta ɗaya gajera ce, ya ji bakinsa ya buɗe da kansa. Ya ce a bar makaɗa, shi zai kawo kiɗa da motarsa.

Gulzar ya juyo ya dube shi tun daga takalmi.

"Da wace motar? Ko ka sayi wata ba mu ji ba?"

"Da ita dai, Paji, babban yaya. Gyara kaɗan take so."

"Wannan da in za ta hau gada sai fasinja sun haɗa mata da addu'a?"

Aka yi dariya. Amma Gulzar mutum ne da dariya ba ta hana shi hango inda zai tsira da kuɗinsa. Ya ce ya yarda, da sharaɗi: tun daga bakin tafkin ƙauye a ji kiɗan a gidan amarya, kafin a hango ko mota ɗaya. In ya iya, shi ne gaba, gaban motar ango ma. In kuwa ya kunyata su a gaban surukai, to ko tukwane ba zai ƙara ɗauka ba.

Rafakat ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Shagufta ta tambaye shi da me zai yi wannan aiki, tunda ta san abin da ke cikin gwangwanin ajiyarsu, kuma kuɗin makarantar su Rubina, 'ya'yansu mata, na nan tafe. Ya ce mata harkar sauti ba ta mata ba ce.

Washegari ya tafi birnin Pindi, layin masu kayan sautin mota. Kantuna masu gilashi, sifiku a jere suna ƙyalli, samari masu man gashi suna gwada wufa, wannan babbar sifikar da ke sa hanjin mutum rawa. Ya nuna wata, aka faɗa masa kuɗinta, ya tambaya ko har da mota ake bayarwa. Ya nuna ƙanwarta, aka faɗa, ya ce zai zagayo. Haka ya yi ta zagayowa har layin ya ƙare. A kanti na ƙarshe mai kantin ya tambaye shi nawa ya riƙo, da ya ji sai ya ba shi shawara ya sayi sitika mai hoton sifika ya manna a gilashin baya. Ya saya, don kada a ce ya je Pindi ya dawo hannu rabbana.

Daga nan ya dangana da Ustad Mithu mai wayarin, wanda rumfarsa ke bayan tasha. Ustad Mithu bai taɓa cewa abu ba zai yiwu ba, shi ya sa rabin motocin tashar in ka taka birki fitilar ciki ke kamawa. Ya saurari Rafakat yana sakace, sannan ya ce kamfani na ƙera sifika don masu kuɗi, sauran bayin Allah kuma an tanadar musu gidan ɗan gwangwan.

Can suka nufa. Suka zaro sifika biyu daga cikin mataccen talabijin, da wata babba mai yagaggen baki da aka ciro daga motar da ta yi karo. Ustad ya liƙe yagar da gam da ƙyallen tsohon mayafi. Na talabijin suka shiga ƙofofin baya, bayan an fafe musu wuri da wuƙar yankan albasa. Babbar ce ta zama matsala. Wufa sai da akwati, akwati sai a but, but kuwa tulun gas ya ce ba wuri. Ustad ya ce a cire tulun a koma shan fetur. Rafakat ya ce gara a cire masa ƙoda.

Sai Ustad ya tambaya ko akwai tulun ƙasa a gidansa, mai faɗin ciki, wanda bai tsage ba.

Haka tulun ruwan sanyin Shagufta, wanda ta zo da shi daga gidansu, ya bar gindin bishiya ya koma kujerar gaba. Aka kifa sifikar a bakinsa, aka toshe gefen da kwaɓin fulawa irin yadda ake rufe tukunyar shinkafar biriyani, aka ɗaura masa bel. Tun da aka ƙera motar nan ba wanda ya taɓa ɗaura bel ɗin sai tulun.

Aka kunna. Jama'a, in gaskiya za a faɗa, tulun ya yi abin mamaki. Madubi ya kama rawa, tsabar canji a dashbod suna tsalle, ƙofar hagun da ba ta buɗuwa ta buɗe da kanta. Direbobin tasha suka bar shayinsu suka taru suna leƙe. Wani ya tambaya ko sabon fasinjan ya biya kuɗin kujera, wani ya ce a ɗaura masa rawani tunda ya fi mai motar murya. Rafakat bai ji haushi ba, idonsa ma ƙwalla ya kawo. Kwanaki ya yi yana aiki da tulu a gaba, fasinja a matse a baya, wanda ya yi ƙorafi a ƙara masa sauti. Shagufta kuwa ta koma shan ruwan jarka mai ɗumi, kuma duk kofin da ta miƙa masa sai ta tuna masa dalili.

Sai Ustad Mithu, wanda ba ya tuna muhimmiyar magana sai an gama sallamarsa, ya ce ya kamata a gwada daga nesa. Rafakat ya bar motar tana kiɗa ya taka zuwa rumfar mahauci. Ya tsaya ya kasa kunne. Abin da ya iso shi wani gum-gum ne kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ya ƙara gaba zuwa wurin mai matse rake, ko wannan babu. Tsakanin tafkin Dhok Kariman da gidan amarya kuwa akwai gonakin alkama, da maƙabarta, da layin gidaje. Ustad ya bayyana masa cewa sautin tulu na cikin mota ne, na mai shi da wanda ya ɗauko. Mai son duniya ta ji shi sai lasifika, irin mai bakin mazurari. Ya faɗi kuɗin sabuwa, Rafakat ya ce zai zagayo.

Ana saura 'yan kwanaki Gulzar ya aike shi Dhok Kariman da akwatunan kayan amarya, aikin zumunci ba ko sisi, kamar yadda aka saba. Ya sauke, aka ba shi madara mai sanyi, ya shiga masallacin ƙauyen ya yi azahar. Yana saka takalmi sai ya hango ta a lungun wurin alwala. Lasifika ce babba, toka-toka, bakinta a lotse, kaza ta yi ƙwai a ciki. Kusa da ita ga akwatin ƙarfen da ke ba ta ƙarfi.

Ladanin, Hafiz Inayat, tsoho mai gemun lalle, ya ce wani ɗan ƙauyen da ke Ingila ne ya aiko da sababbi, shi ya sa aka sauke wannan bara. Ya ce tun bai fara gemu ba take kan hasumiya. Lafiyarta ƙalau, sai dai tana da hali: in an kunna ta sai ta yi dogon fito, ta yi tari, ta ƙara, sannan ta yarda ta yi magana. Rafakat ya tambaya ko za a sayar. Hafiz ya ce kayan masallaci ba a sayarwa, amma mutum na iya sa wani abu a akwatin sadaka, kuma matarsa na ganin likita a Chakwal duk wata, motar haya na wahalar da ita. Da ya tambayi abin da za a yi da ita, Rafakat ya ce aikin alheri ne, na haɗa zumunci. Aka kori kazar.

Shagufta da ta gani ta dafe ƙirji.

"Baban Rubina, abin da ya yi shekara da shekaru yana kiran salla, shi za ka sa wa waƙar 'yan rawa?"

"Ƙarfe ne fa, ba liman ba."

"To ƙarfen ma ya fi ka kunya. Ni dai ba ruwana, kuma tuluna nake so."

Ya wanke ta, ya shafa mata jan fenti, ya ɗaure a saman mota da igiyar shanya, ya rataya mata ƙyalƙyali. Ustad Mithu ya ja waya daga rediyo ta tagar direba zuwa sama, ya murɗa da hannu, ya naɗe mahaɗar da filastar ciwo don tef ɗinsa ya ƙare. Aka gwada a bayan tasha. Ta yi fitonta, ta yi tarinta, sannan waƙa ta fashe. Tattabarun asibiti suka tashi gaba ɗaya, wani ɗan sanda ya taho a guje daga shataletale. Ustad ya yi gargaɗi guda, cewa batirin ba zai daɗe yana ɗauke da lasifika da tulu tare ba, don haka kada a kunna sai an kai inda ake so a ji.

Ranar barat da safe Rafakat ya sa riga da wando masu sitati, ya shafa wa gashin baki mai. Gulzar ya zagaya motar, ya dubi tulu, ya dubi lasifika, ya tuna ya riga ya sallami makaɗa. Da hannunsa mai agogo ya nuna gaba.

Ku da ba ku taɓa zama a ƙarshen layi ba, ba za ku gane abin da Rafakat ya ji ba. Titi fetal a gabansa. In ya rage gudu, motar ango ta rage. In ya kauce wa rami, ya duba madubi ya ga dangi kaf, har da Gulzar, suna kauce wa ramin nan. Har ramin da babu sai da ya kauce wa, don ya ƙara gani.

Bayan an sauka daga kwalta, hanyar Dhok Kariman ta tsallaka busasshen rafi mai duwatsu. Motar ta yi ta tsalle, wani abu ya ce ƙyas a wajen taga, Rafakat bai kula ba. Da suka kai bakin tafki ya gyara zama, ya tura kaset, ya murɗa makunni.

Lasifika ta yi dogon fito, wanda ya ratsa gonaki ya daki bangon ƙauye ya dawo. Ta yi tari, ta ƙara. Sai shiru. A cikin mota tulu na ta kiɗa abinsa, a sama ba komai. Ya kashe ya sake kunnawa. Fito, tari, shiru.

To ga abin da Rafakat bai tsaya ya tuna ba, alhali kullum yana cikin ƙauyukan nan. A Dhok Kariman duk wanda ya yi wayo ya san wannan fito kamar muryar uwarsa. In ya zo a lokacin salla, salla ce. In ya zo da hantsi, ba lokacin komai ba, to wani ya riga mu gidan gaskiya, kuma shirun da ke biyo baya Hafiz ne ke share hawaye kafin ya faɗi suna. Ba wanda ya tsaya tunanin cewa an sauke lasifikar tun bara. Kunne ya ji, ƙafa ta ɗauka. Ba kuma wanda ya jira suna, don kowa ya san wanda ke kan layi: Baba Lal Din, kakan amarya, wanda ke kwance tun girbin da ya wuce, wanda saboda hidimar biki aka mayar da gadonsa ɗakin baya kusa da buhunan alkama.

Mai dafa abinci ya janye itace daga ƙarƙashin manyan tukwane, don ba a hura wutar biki a gidan da ke da gawa. Matan da ke waƙa a tsakar gida suka juya waƙar ta koma kuka ba tare da sun tashi daga inda suke ba. Masu jan mayafi suka ruga gida neman fari. Wani mai himma har ya saɓi diga ya nufi maƙabarta.

'Ya'yan Baba biyu, Sabir uban amarya da ƙaninsa Nazir, suka yi karo a ƙofar ɗakin baya. Kowane ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya tarar da tsohon ya aika masallaci, don haka ba wanda ya leƙa. Suka rungume juna suna kuka. Cikin kukan Sabir ya ce Allah ya sani shi ya yi jinya, kuma Baba ya sha faɗa masa cewa baƙar ɓaunar nan mai madara, wadda suke kiwo kamar saniya, tasa ce. Nazir, cikin nasa kukan, ya ce maganar ɓauna ba yanzu ba, amma gonar bakin rijiya kowa ya san da bakinsa Baba ya ba shi. Kuka ya ragu, murya ta ƙaru. Kafin a ankara an kai ga gadon da tsohon ke kwance a kai.

Duk wannan Rafakat na tafe a hankali, dangi na biye, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje ta taga yana laluben waya. Ya ga mutane na gudu, ya ɗauka tarbar baƙi ce. Ya ji kukan mata, ya ce a ransa mutanen ƙauyen nan akwai son 'yarsu, tun ba a ɗauke ta ba. Daidai ƙofar gidan amarya yatsunsa suka kama bakin wayar da ya zame daga filasta, ya haɗa.

Waƙar da ta fito irin wadda ake rawa da kafaɗa ce, ganga da algaita, kuma ta fito da ƙarfin da aka saba kiran mutanen gona da shi. Ta faɗa tsakar gida cike da masu makoki. Ɓaunar da ake rigima a kanta ta tsinke igiya. Maza suka fito da sanduna su ga wane marar tsoron Allah ne. Gulzar ya fito daga motarsa yana tambayar wa ya mutu, ango ya ɗaga labulen furannin da ke fuskarsa yana raba ido. Sai batir ya ƙare a tsakiyar baiti, mota ta mutu, wuri ya yi tsit.

Cikin wannan tsit aka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Baba Lal Din ne, wanda rabonsa da taka ƙasa tun girbi, dafe da bango, rawaninsa a karkace. Wata mata ta sulale ta zauna. Tsohon ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya ji komai, yana so a sani cewa ɓaunar da gonar da gadon duk suna da mai su, kuma yunwa yake ji.

Aka mayar da itace. Shinkafar da wuta ta yanke wa ta fito rabi ɗanya rabi a caɓe, aka ci a haka bayan la'asar. An ɗaura aure, amma uwar amarya ta ƙi kallon ɓangaren dangin ango, Sabir da Nazir kuma kowane ya zauna a nasa ƙarshen rumfar. Gulzar ya ja Rafakat bayan garke. Abin da ya faɗa masa ba zai maimaitu a gaban masu shan shayi ba. Taƙaitawarsa dai ita ce, daga yau ko bikin kaza ake yi a dangi, kada ya ga motar nan a layi, gaba ko baya.

Rafakat na tsaye jikin matacciyar motarsa yana tunanin wanda zai roƙa ya tura shi, aka ce Baba na kira.

Ya same shi a kan gado a tsakar gida, da farantin zarda, shinkafar nan mai zaƙi, a cinya. Rafakat ya durƙusa ya fara ba da haƙuri. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Kai ne mai lasifikar?"

"Ni ne, Babaji. Wallahi kuskure ne, waya ce ta..."

"Wa ya ce ka shafa mata ja? Ka mayar da dattijuwa 'yar rawa."

Tsohon ya ci gaba.

"Ita ta faɗi mutuwar ubana. Ita ta faɗi ta uwar yaran nan, da ta abokaina kaf. Waccan ta Ingila muryarta kamar mai karanta labarai, ran da maƙwabcina ya rasu rabin gari ba su fito ba, sun ɗauka talla ce. Yau ka ga yadda suka fito? Ina kwance ina ji, har daɗi na ji. Ashe ina da jama'a haka."

Ya lashe yatsa, ya ce ran da tasa ta zo da gaske yana so Rafakat ya zo da wannan lasifikar, ya zagaya Dhok Kariman da duk ƙauyukan da ke kewaye, har wajen dangin uwarsa da ke bayan tsauni. A kankare jan fentin tukuna. Ya sa aka kira Sabir da Nazir, ya ce a gabansu ladan wannan zagaye a cikin ɓauna za a cire, kowa ya shaida.

Baba Lal Din bai mutu a shekarar ba, bai mutu a ta bayanta ba. Ya warke sarai, ya ce ba zai yi wa waɗancan biyun gaggawa ba. Amma maganarsa ta zaga. Ba a daɗe ba aka yi rasuwa a ƙauyen gaba, aka aiko neman direban nan mai tsohuwar lasifika. Sai wani ƙauyen, sai wani. Ustad Mithu ya sa masa abin magana, ya liƙe wayar da dalma wannan karon. Rafakat ya koyi jan sunan mamaci da na ubansa da lokacin jana'iza, da irin muryar da ke sa ko wanda bai san mutumin ba ya ji kamar nasa ne ya rasu.

Yanzu in motar ta ɓullo a hanyar ƙauye, masu babur na kaucewa, masu shago na rage rediyo, tsofaffi na miƙewa tsaye. In za a kai gawa maƙabarta mai nisa, shi ke gaba da dattawan da ba sa iya tafiya, jama'a duka a bayansa, har da masu manyan motocin da suka ajiye su suka tako a ƙasa. Ana kawo masa shayi kafin ya nema. Sai dai ba mai tsayar da shi ya ɗauki amarya, mai ciki ba ta shiga motarsa zuwa asibiti, kuma in ya je duba mara lafiya ana roƙonsa ya ajiye motar a bayan gari ya ƙaraso da ƙafa. Bikin da aka yi a dangi kwanan baya, Shagufta da 'ya'yanta kaɗai aka gayyata.

In aka tambaye shi sai ya ce aiki dai aiki ne. Amma direbobin tasha sun ce ran da ba ciniki yakan ɗaga gilasai ya sa waƙar biki ƙasa-ƙasa, yana kaɗa kafaɗa shi kaɗai.

To ku da kuka zauna kuka ji, mutumin da ya nemi a ba shi gaba, aka ba shi gaban da ba mai yin rawa a bayansa, in kun haɗu da shi a bakin asibiti barka za ku ce masa ko sannu?